Gawon da ya sha ado a Cadakori

Na ga itacen Kirsimeti da ya ɗara soron gida tsayi, mai rai, saiwarsa cikin ƙasa, awaki na tuƙa a gindinsa, kuma a ƙasar Gobir na gan shi da idona! Tun da na komo Maraɗi bakina bai huta ba. Duk wadda ta yi sallama gidanmu sai na shimfiɗa mata tabarma na kwashe labarin tun daga tushe, har ƙannena suka ce don Allah in rubuta kowa ya karanta. To ga shi. Ku yi mini haƙuri in na riƙa tsallake wani abu ina komowa kansa, abin ne da yawa.

Ina da ƙawa tun muna ƴan lakwal. Ita Kirista ce, ni Musulma. Shekara da shekaru, ranar Sallar Layya ƙanena ke kai mata cinya, ranar Nowel ita kuma ta aiko mana da shinkafa da zabi, amma ban taɓa taka ƙauyen da aka haife ta ba, can cikin karkarar Cadakori a gundumar Gidan Runji. Bana, da watan Disamba ya yi nisa, sai ta ce mini, "Ƙawata, Inna ƙarfi ya fara ja baya, gyaran gida ya fi ta ita kaɗai. Zo mu je ki kama mana." Na ce in dai aikin hannu ne, ta sa a ranta an gama.

Da babbar kasuwar Maraɗi muka fara. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012, don haka kayan Kirsimeti ba sa cika layi a nan, sai wanda ya san inda zai leƙa: shagunan masu kayan adon biki da suna. Can ciki muka same su. Ga igiyoyin ƙyalƙyali ja da kore da ruwan zinariya, ga ƙwallayen roba masu sheƙi, ga jar hula mai farin tuntu, ga fitilu ƴan mitsi-mitsi jere a jikin waya, ga kuma bishiyar roba cikin kwali, an barbaɗa wa rassanta farin gari a madadin dusar ƙanƙara. Mai shagon dattijo ne da carbi a hannu, ya ce shi daga Kano yake saro su, su biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Kafin Kano kuwa tafiyar ta fi haka nisa. Birni guda a ƙasar Sin, Yiwu, shi ke fitar da kusan kashi 60 cikin 100 na kayan adon Kirsimetin duniya gaba ɗaya, kuma a jikin kwalayen nan rubutun ƙasar ne ɓaro-ɓaro.

Ƙawata ba ta yi ta ɗauke-ɗauke ba. Ta zaɓi doguwar wayar fitilu mai ɗan pano na hasken rana, da ƴan ƙananan tocila, da igiyar ƙyalƙyali kaɗan, da balan-balan don yara, da zaren lilo, sannan muka zaga wajen masu rini ta sayi galura ja da kore da ɗorawa. Na nuna mata bishiyar kwalin na ce, "Wannan fa?" Ta yi murmushi ta ce, "Muna da tamu a gida." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuma na riƙe tambayar a ciki har muka hau mota.

Hanya ta bi da mu ta Tsibiri, fadar Sarkin Gobir. Tarihin Kiristocin wannan yanki daga nan ya yi reshe. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 sun kafa zango a Tsibiri, daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na Danja a 1956, ga makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye wadda ta yaye fastoci masu wa'azi da Hausa tsantsa. Kakan ƙawata yana cikin yaran da suka yi karatu a hannunsu. Gobirawa ne na asali, tsagen na nan a fuskar mahaifinta, furar gero suke sha, rabin danginsu Musulmi. Ta tagar mota ina ta kallon gonaki an girbe, kara a kwance, rumbuna sun sha sabon jinka, hazon hunturu ya rufe gabas. Ko'ina fari fat da ruwan ƙasa, in ban da wasu itatuwa tsilla-tsilla cikin gonakin da suka yi kore shar.

Tun daga bakin darni muka jiyo kiɗan madaɓi. Daɓe! Rabona da ganin ana daɓe tun ina ƙarama, siminti ya kore shi daga birni. Mata ne durƙushe a ɗakin Inna, sun zuba tsakuwa da jar ƙasa, suna bugu tare suna waƙa, wata na yayyafa ruwan bagaruwa don ƙasan ya yi ƙarfi ya yi duhu mai sheƙi. Da na duba fuskokinsu sai na ga galibinsu da hijabi ɗaure a ƙugu. Maƙwabta ne, Musulmi, sun zo gayya. Inna ta taso da laka har gwiwar hannu ta rungume ni. "Maraba da ɗiyata! Kin sha hanya. Sha ruwa tukuna, aiki ba ya gudu." Na ce, "Inna, ku ba ni madaɓi kawai." Matan suka kwashe da guɗa, aka matsa mini wuri.

Daga nan ban ƙara sanin inda rana take ba. Samari sun yi wa bangon waje sabon yaɓe, mu kuma muka bi cikin ɗakuna da farar ƙasa, muna tsoma tsumma muna shafawa, sannan wata gwaggo mai hannu ta zo da jar ƙasa ta ja layi a gindin bango da kewayen ƙofa, ta fitar da dagi a saman ƙofar da yatsunta uku, ba awo ba alli. Yara suka yi ta jigilar rairayi a amalanke daga bayan gari, aka tankaɗe shi da rariya, aka baza tsakar gida har ƙafa na nutsewa. Ko ƙyalli ɗaya ba a rataya ba tukuna, amma gidan ya riga ya canza kama, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar rani.

Sai jere. Wayyo, jeren Inna! Ta sa aka sauko da kayan ɗakinta kaf, na aurenta da waɗanda ta tara bayansa: langa-langa masu furanni, tasoshi, samira, kwalla, da ƙoran da ta gada wajen tata uwar, sassaƙaƙƙu, sun yi jajir don tsufa. Muka wanke su da toka da yashi. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta Marriage in Maradi na 1997, ta bi diddigin yadda kayan ɗakin matan ƙasar nan suka tashi daga ƙwarya zuwa kwanon kanti, to ni a bango guda na ga tarihin nan a tsaye, ƙwarya a ragaya, kwano a kan kanta, kular zamani a ƙasa. Inna da kanta take jerawa, babba a ƙasa ƙarami a bisa, ba mai sa mata hannu. Da ta gama sai ta ce wa ɗiyarta, "Kawo abin naku na kasuwa." Ƙawata ta miƙa igiyar ƙyalƙyali. Inna ta juya ta a hannu, ta warware, ta ratsa ta tsakanin sahun kwanuka, sahu ɗaya ta sa, sahu ɗaya ta bari. Ƙyallin ya faɗa cikin farin kwanon ya dawo ninki biyu. Na tsaya baki buɗe. A shago igiyar nan ba ta ce mini komai ba, a nan kuwa sai ga ta ta zauna daram, ɗakin ya koma tamkar na amaryar da aka kawo jiya.

A inuwar zaure wasu matan na kan kaba. Wanda ya san ƙasar nan ya san Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa jihar Maraɗi ya samo sunansa daga ƴaƴan goriba masu ba da ganyen saƙa, kuma matan yankin da kaba suke tashi: tabarma, faifai, igiya, lefe. Galurar da muka sayo aka dafa a tukwane uku aka tsoma kabar. Wata tsohuwa ta ce ita ba ruwanta da jan kanti, ta kawo karan dafi ta jiƙa da kanwa, jan da ya fito ya fi na galura zurfi, irin wanda dukawa ke rina fata da shi. Da kabar ta sha iska sai aka shiga saƙa taurari. Ƙawata ta ce a Linjilar Matiyu tauraro ne ya ja masana daga gabas har inda jaririn yake, shi ya sa ba a Kirsimeti ba tauraro. Tsohuwar mai karan dafi ba ta taɓa saƙa tauraro ba sai a gidan nan, amma hannun da ya saba da tsakiyar faifai ba ya neman malami. Tana hira tana lanƙwasa ganye, kafin ka farga ta jefo ɗaya cikin lefe, mai tsini biyar, ja da fari. Na zauna kusa da ita ta kama yatsuna ta nuna mini inda ake karya kabar da inda ake sokawa. Har yanzu in na ga ganyen kaba hannuna sai ya motsa.

Kuma ba taurari kaɗai ba. An kawo busasshen zoɓo na kakar bana, jajir, aka shiga zura shi a zare da allura, zoɓo uku, gyaɗa mai ɓawo ɗaya, zoɓo uku, gyaɗa ɗaya, har aka sami sarƙoƙi masu tsawon gaba da yawa. An huda ƙwallon goriba an sa masa maɗauri, an goge shi da man gyaɗa yana ɗaukar ido. Zangarniyar gero da ta jar dawa, waɗanda Baba, mahaifin ƙawata, ya ware tun ranar girbi don sun fi kyau, aka ɗaure su bibbiyu da jar kaba za a rataya a kan kowace ƙofa. Baba ya ce wannan godiya ce, duk wanda ya shigo ya san Allah ya ciyar da gidan bana.

Yara kuwa suna can bakin ƙofar gida da nasu aikin, ba mai shiga musu. Wani jikan Inna da ke karatu a Maraɗi ya gano wajen abokansa ƴan Katolika yadda ake gina ɗan ɗakin haihuwar Almasihu, shi ne ya kawo abin ƙauye. Al'adar ta daɗe a duniya, ana danganta farkonta da Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinta a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, kuma a Burkina Faso har gobe yara na gina nasu da laka a ƙofar gidajensu duk Disamba. Su waɗannan da gwangwanin kifi suka buga tubali, ɗaruruwa, suka shanya, suka ɗora gini mai tsayin gwiwa, suka yi masa rufin kara da gamba. Na durƙusa na leƙa ciki, sai da na kira ƙawata da ƙarfi. Baitalami ce, amma ta Gobir! Jaririn na kwance cikin ɗan komin da aka fafe daga sakaina, an shimfiɗa masa auduga. Makiyayan da Luka ya ba da labarinsu ga su da malfa da sanda a kafaɗa. Raƙuman masanan da sirdin Abzinawa mai ƙaho a gaba, an yi shi da sillen kara. Dabbobin kuwa duk jajayen awakin Maraɗi ne, an shafe su da jar ƙasa, har da ƴar akuya tana tsotson uwarta. Wani yaro ɗan maƙwabta, da allonsa a hamata zai tafi makarantar dare, ya tsaya ya gyara wa wani raƙumi wuya, ya ce wanda ya gina shi bai taɓa kallon raƙumi da kyau ba.

Sai na tayar da zancen bishiyar. Na ce, "Baba, an ce kuna da taku, ina take?" Ya ajiye igiyar da yake tufka, ya ɗaga sanda ya nuna bisa kaina. Ashe tun isowata a ƙarƙashinta nake kai da kawowa! Gawo ne, ƙato, a kusurwar gidan ta gabas, ya yi lumbu-lumbu da ganye, ƙudan zuma na ta shawagi a furensa.

Kowane ɗan ƙauye ya san halin gawo, amma ni sai ranar abin ya shige ni. Duk itatuwa da damina suke ganye, shi da damina yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba ya zama taki. Sai ruwa ya ɗauke, duniya ta bushe, sannan ya tsiro da sabon ganye, ya yi fure, can gaba ya zubo ƴaƴa dabbobi su ci a lokacin da ba ciyawa. To me ya sa Jamusawa, tun ƙarni na 16, suka riƙa shigo da itacen fir cikin ɗaki a wannan biki? Don shi ke zama kore a tsakiyar sanyinsu, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Daga can al'adar ta bazu, musamman bayan 1848 da wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da ƴaƴansu kewaye da irin wannan itace. Abin da suke nema a jikin fir ɗinsu, wato kore a lokacin fari, shi ne gawo ke yi mana a nan kowace shekara, a daidai watan, ba wanda ya roƙe shi. Da na faɗa wa Baba haka sai ya gyaɗa kai ya ce shi bai san labarin Jamusawa ba, abin da ya sani shi ne duk Disamba itacen nan kaɗai ke da rigar salla a gidan, don haka shi ya cancanci ado.

Sannan ya ba ni tarihin gawon, wanda ya fi komai taɓa ni. Ya ce a yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El Buhari, wurin gona ne, kuma fili ne fetal, don a lokacin manomin kirki shi ne wanda ya sassabe gonarsa tas bai bar ko tsiro ba. Iska ta riƙa kwashe ƙasa tana binne shuka. A shekarun ne wani ɗan Ostireliya mai aiki da SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura a 1983 cewa ƴan kurmin da ake sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi toho mai ƙarfi aka rage sauran, aka kare shi, sai ya miƙe ya zama itace. Sassabin zamani ke nan. Da fari an yi wa masu yin sa dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a Nijar ta wannan hanya, ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta Agye sun zama wurin da baƙi ke zuwa koyo, Rinaudo kuma ya sami kyautar Right Livelihood a 2018. Baba ya ce shi yana saurayi ya bar tohon nan da hannunsa, mahaifinsa na faɗa. Da iyali suka yaɗu aka faɗaɗa gida, sai darni ya zagaye gawon ya shigo da shi ciki. "Ɗiyata," in ji shi, "an ce mini can ƙasashen sara suke yi, su kai ɗaki, bayan sati biyu su jefar. Ni wanda zai sa wa wannan gatari sai ya fara da ni."

Yadda aka yi masa adon ma abin kallo ne. Gawo ƙaya gare shi, ba a hawansa da garaje, amma ƙayar nan ita ta zama maratayi. Samari suka kawo doguwar gora mai ƙugiya, irin wadda makiyaya ke kakkaɓo ƴaƴansa da ita, a saƙala tauraro a bakinta a miƙa, ƙaya ta cafke. Sarƙoƙin zoɓo aka yi ta jefawa daga reshe zuwa reshe. Ƙwallayen goriba a rassan ƙasa, tare da na roba guda nawa da suka rage na bara. Wayar fitilun aka naɗe ta a jikin gangar tun daga inda akuya ba ta kaiwa, ta hau har inda manyan rassa suka rabu, ɗan panon kuma aka ɗora shi kan rufin rumbu ya sha rana. Kowa na ba da umarni, ba mai jin na wani. "Ɗaga dama!" "A'a, ya yi yawa can!" "Kai, kar ka karya reshen!" Inna na zaune kan kujerar tsugunno tana nuni da muciya.

Saura ƙorai. Gyartan garin, wanda ke ɗinke wa mata fasassun ƙorai, shi aka kai wa sababbi tun mako ya wuce. Ya huda su da basilla mai zafi, huji ɗaruruwa a jikin kowace, wata zanen tauraro, wata dagi, wata sahun tsuntsu. Aka kife su a kan rairayi a bi da bi tun daga zaure har gindin gawo, kowace da ƴar tocila a ƙarƙashinta.

Da aka kira magariba Inna ta miƙo mini buta, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ɗakinta, ta nuna mini gabas. Ba wanda ya taɓa makunni sai da masallacin garin ya sallame, maƙwabta suka fito. Sannan aka ce ƙaramin jika ya danna.

Jama'a! Gangar gawon ta kama da haske, fari da shuɗi da ja suna bin juna zuwa sama, hasken ya bugi cikin ganyen ya fito da taurarin kaba ɗaya bayan ɗaya suna juyawa a iskar hunturu, a ƙasa kuma ƙoran nan suka watsa ɗigo-ɗigon haske a kan rairayi da bango da zannuwan mata da fuskokin yara, duk wanda ya gifta sai zanen dagi ya hau jikinsa. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Yaran gari suka cika zaure har waje, masu leƙe ta saman darni sun fi na ciki yawa. Matan zumuntar Kirista suka iso da ankonsu, da tulun kiɗa da caki, za su wuce majami'a kwanan biki, suka tsaya suka yi waƙa biyu a gindin itacen. Ni ban bi su ba, ba kuma wanda ya ce in bi. Abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daban yake da nasu, sun sani, na sani. Amma na zo da dabino a jakata, don a Suratu Maryam a gindin dabino naƙuda ta kama mahaifiyarsa, da ƴaƴansa kuma aka ciyar da ita. Na juye shi a sabon faifai na ba Inna. Ta karɓa da hannu biyu ta ce a fara ba yara.

Ni dai ga abin da na gani game da na saye da na hannu, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba. Kar kowa ya raina kayan kanti. Ƙauyen nan ba kuran, in ba don ɗan panon nan da tocilolin Sin ba, duk wahalar da aka sha da rana duhu zai haɗiye ta, kyandir kuwa kusa da kara da jinka a iskar Disamba neman gobara ne. Galura ma ta kanti ce, ita ta ba kabar kore da ɗorawa. Amma kuɗin da ƙawata ta kashe a kasuwa bai kai na bishiyar kwalin nan ita kaɗai ba, kuma da ita ta saya, da an ajiye ta a lungu mutum biyu sun haɗa ta cikin minti goma, ba gayya, ba tsohuwa mai karan dafi, ba gyartai, ba yaro mai gyara wuyan raƙumi. Sannan akwai abin da na ga Inna na yi wanda ya kamata kowa ya koya. Duk balan-balan da ta fashe, duk zaren ƙyalli da ya faɗo, sai ta sa a tsince shi nan take a kai mata. Akuya ba ta bambanta roba da ganye, kuma duk mai kiwo ya san abin da leda ke yi a cikin tumbi. Zoɓo da gyaɗa da kaba kuwa in sun faɗo, abinci ne.

Akwai abu ɗaya da Inna ta faɗa mini muna wankin kwanuka, da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce bayan abin da ya faru a watan Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, Disambar da ta biyo jikinta ya yi sanyi, ta ce bana ba ado, a yi addu'a a ɗaki a tashi. Maƙwabciyarta ta jikin darni, wadda suka yi amarci shekara guda, ita ce ta shigo da madaɓi a hannu ta ce, "Tashi. Wa ya mutu da za a bar gida haka?" Ita ce kuwa na tarar a gaban sahun masu daɓe.

Gari na wayewa, ranar 25 ga wata, wadda hutu ce a duk faɗin Nijar, tukwane suka hau murhu tun da asuba. Limamin garin aka kai wa zabi da kaji ya yanka, don kowa ya ci ba shakka. Kafin hantsi kwanukan jeren nan da muka wanke sun sauko sun kama aiki, shinkafa da miya da nama a bisa, cincin a gefe, kowane an rufe shi da sabon faifai, yara sun sha sababbin kaya suna fita da su gida-gida, na mai gari daban, na liman daban, na gyartai daban. Kwano ba ya komowa wofi, wani da gyaɗa, wani da ƙwai, wani da ƴan kuɗin goro.

Ana cikin haka maƙwabciyar nan ta shigo, ko zama ba ta yi ba. Ta zagaya ƙoran da ke kife a kan rairayi tana ɗaga su ɗaya-ɗaya tana duba hujin a rana. Ashe ɗiyarta za a kai ɗaki watan gobe. Ta ce wa Inna, "Yaya, ƙoran nan kar a taɓa mini su, da wayar wutar, da abin da ke shan rana. Taurarin ma ina so, amma a ƙara mini kore." Inna ta ce, "Sai ki kawo kabarki, galura ta rage." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma ƴar birni, tunda hannunki ya faɗa, ranar Laraba ta sama za mu fara saƙa. Ki zo da almakashi, namu ya dakushe."